Darmar Hancin Jan Jirgi

Rana ta yi ja ta kusa faɗuwa. Kaji sun hau makwancinsu, matar Mai Fanka tana kwashe shanya daga igiya, Inna kuma, tsohuwar gidan, tana zaune bakin ƙofarta da buta a gefe tana jiran kiran salla. Gidan ya yi shirun nan na almuru, lokacin da mai hankali ke kiran yaransa su shigo ɗaki. Mai Fanka ya dawo daga shago ke nan, yana wanke baƙin mai daga hannunsa.

Sai aka ji kukan jirgi, irin na ƙaramin nan da mazan gidan ke tashi da rimot, mai tsinin murya da ke huda kunne. Kukan ya zagaya tsakar gida sau uku, ƙasa ƙasa, har shanyar da ta rage a igiya ta kaɗa. Kowa ya ɗaga kai, ba a ga komai a sama ba.

Daga nan wani abu ya faɗo kan kwano, ƙwas, ya gangaro a hankali ya tsaya daidai ƙafar Mai Fanka. Ya sunkuya ya ɗauka. Guntun darma ne kamar ƙwayar wake, da ɗumi kamar yanzu aka ciro shi daga bakin wani. Ya yi sauri ya tura ɗaya hannun cikin aljihu. Tasa darmar tana nan inda ya ɓoye ta kwana huɗu da suka wuce. Ya damƙe guntun a tafin hannunsa ya shige ɗaki.

Mai Fanka shi ne babba a gidan, gyaran fanka da injin niƙa ne sana'arsa. Shi ya fara kawo wannan wasa na jirage gida, abin da bai kamaci magidanci mai gemu ba, amma ya kawo. Shi ya koya wa ƙanensa Auta yadda ake yanka farin soso mai tauri a fitar da fiffike, yadda ake ɗaure batir kada ya zame, yadda ake ɗora manyan yatsu kan 'yan sandunan rimot ba tare da an fizga ba. Shekara biyu Auta yana fasa jirage, Yaya yana manne masa su da gam. A shekara ta uku Auta ya haɗa wani jan jirgi siriri, gajeren fiffike, mai ƙaramar farfela a hanci, kuma tun daga ranar ba a sake kallon jirgin Mai Fanka ba.

Duk yammar Asabar suna taruwa a filin da ke bayan tsohuwar ma'aikatar da aka rufe, wadda dogon bututun hayaƙinta ke tsaye shi kaɗai. Su bakwai ne ko takwas, har da tela da direba da wani mai shagon magani. In jan jirgin ya sauko daga sama ya shafi kan ciyawa ya wuce, kafin ka juya wuya ya kai ƙarshen fili, sai ka ji ihu. In na Mai Fanka ya biyo baya, sai tela ya kama ciki.

"Mai Fanka, wannan jirgi ne ko fankar silin ce ta tsinke?"

Yakan yi dariya tare da su, amma dariyar ba ta wuce haƙora. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne 'yarsa. Yarinya ce 'yar shekara goma sha uku, tun tana rarrafe take manne da shi har aka sa mata 'Yar Baba. Ita ke riƙe masa jakar batir, ita ke ruga ta ɗauko jirginsa in ya sauka. Yanzu ta koma gefen Auta, Baffa kaza, Baffa kaza. Ranar da ta ce, "Baba, me ya sa naka ba ya gudu kamar na Baffa?" ya kasa cin abinci. Ya kwanta yana jin dariyar ƙanensa daga ɗaya ɓangaren gidan, yana cewa a ransa: yaron da ni na koya masa riƙe sukurudireba.

Masu wannan wasa suna da ƙa'ida ɗaya da ba a tsallakewa. Kafin jirgi ya tashi, sai an auna shi. Akwai ɗigo biyu baƙaƙe da ake yi a ƙarƙashin fiffike, ɗaya dama ɗaya hagu. Mai awo zai ɗora jirgin kan yatsunsa manuniya biyu, daidai kan ɗigon, ya saki. In hanci ya ɗan sunkuya, jirgi ya yi. In wutsiya ta rinjaya, to kada a kuskura, don jirgi mai nauyin wutsiya ba ya jin maganar mai shi. Shi ya sa ake manna darma a cikin hanci, irin wadda masu faci ke liƙa wa taya. Kuma mutum ba ya auna nasa, sai wani ya auna masa. Auta bai taɓa bari kowa ya taɓa jan jirgin ba sai yayansa. Yaya ke aunawa, Yaya ke cilla masa shi sama.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, kafin su fita, Mai Fanka ya shiga ɗakin ajiya ya buɗe hancin jan jirgin ya ɓamɓare darmar ya jefa a aljihu. A fili, da aka miƙo masa jirgin, ya tura yatsunsa ƙarƙashin fiffike inda ido ba ya gani, ya ja su baya da ɗigon kamar faɗin yatsa guda. Hanci ya sunkuya kamar gaske.

"Ya yi," in ji shi.

Bai yi nufin komai ba sai jirgin ya ɗan yi rawa a gaban mutane, Auta ya ji kunya, ya sauke shi da ƙyar. Haka ya gaya wa kansa. Amma an makara ranar, rana ta riga ta yi ja sanda ya cilla. Jirgin ya fita da ƙarfi, ya yi zagaye ɗaya, sai ya ɗaga hanci ya miƙe tsaye kamar doki ya ga maciji. Auta ya danna, ya ƙi. Ya juya a baibai, ya nufi bututun hayaƙi da dukan gudunsa, ya shige wata 'yar taga da ke can kusa da sama. Aka ji ƙara. Bayan ƙarar aka ji wani siririn sauti da kowa ya ce tsuntsu ne.

Auta ya dawo gida da rimot a hannu kamar wanda ya dawo daga maƙabarta. Mai Fanka ya dafa masa kafaɗa ya ce gudu ne ya yi yawa, dama ya sha faɗa masa. Da daddare ya ci abinci har ya ƙara.

To, ga darma ta fara faɗowa a gidansa.

Washegari da almuru kukan jirgin ya dawo, darma uku suka faɗo. Rana ta uku aka tara cikin tafin hannu. Ba ta faɗowa da rana ko bayan isha'i, sai a wannan ɗan tsakani da haske ke mutuwa. Inna ta hana kowa zama a tsakar gida, ta sa aka riƙa rufe ƙofofi tun da la'asar. Matar Mai Fanka ta daina shanya. Gidan da a da ake jin hayaniyarsa daga titi ya koma ana magana cikin raɗa.

Rana ta biyar aka nemi 'Yar Baba aka rasa. Uwarta ce ta leƙa ta taga ta gan ta tsaye a tsakiyar gida, ta buɗe hannuwa dama da hagu, ta ɗage a kan yatsun ƙafa, kanta ya karye baya tana kallon sama. Daga maƙogwaronta kukan jirgin yake fitowa. Ta yi taku biyu, ta tangaɗa, ta faɗi ta baya. Da aka ɗauke ta aka kai ɗaki, kan ya ƙi dawowa. Ba ta iya kallon ƙasa, ba ta iya ganin kwanon abincinta, ruwa ma sai an ɗiga mata. Aka kai ta asibiti, aka duba wuyan aka ce lafiya lau yake. Da rana takan yi shiru tana hawaye da ke gangarawa cikin kunnuwanta. Da almuru sai hannuwan su buɗe.

Inna ta kira 'ya'yanta biyu ta zaunar da su.

"Tun yaushe nake faɗa muku? Gardawa da gemu kuna bin abin wasa a kango har magariba. Kai Auta, ba kai ne kake min dariya kana cewa wata rana za ka ɗauke ni a jirginka ba? To ga shi ka ɗauko mana. Jirginka ne ya shiga gidan mutanen ɓoye. Gobe ka tattara tarkacenka ka ƙone, kuma ka nemi wani wuri ka zauna har yarinyar nan ta tashi."

Auta ya sunkuyar da kai yana kuka kamar yaro. "Yaya, ka yafe min. Hannuna ne. Da na san haka ne da ban taɓa rimot ba."

Mai Fanka ya kawar da kai. Darmar da ke aljihunsa ta yi masa nauyi har rigar ta karkata gefe guda. Ya yi yunƙurin jefar da ita sau biyu, sau ɗaya a kwata, sau ɗaya a bayan shago, kuma duk sanda ya sa hannu a aljihu sai ya same ta. Abin kunya shi ne, ko a wannan lokaci, da 'yarsa kwance, akwai wani lungu a zuciyarsa da ya ji sanyi da aka ce Auta zai ƙone jiragensa.

Matarsa ce ta je ta ɗauko malam. Dattijo ne siriri mai farin gemu, ba ya ɗaga murya, bai zo da komai ba sai tasbaha da gorar ruwa. Ya iso da la'asar, ya ce a fito da yarinyar tsakar gida a kwantar da ita kan tabarma, kowa na gidan ya zauna, kada wanda ya tashi. Auta ya riga ya tara jiragensa a gefen katanga da galan ɗin kananzir. Malam ya dube su ya ce a dakata.

Ya zauna kusa da kan yarinyar ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta yi tsawo ta haɗiye tabarmar, iska ta tsaya cik, kaji suka yi shiru. Sai darma ta fara zuba a kan kwano kamar ƙanƙara. Hannuwan 'Yar Baba suka buɗe, kukan jirgin ya taso daga ƙirjinta ya yi sama ya yi sama, sannan ya yanke. Muryar da ta biyo baya ta babbar mace ce, busasshiya, mai gajiya.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Tafiyarta na gani. Tana yawo da kanta a miƙe, tana dariya, tawa 'yar tana kwance a bututu wuya a karye baya. Me ya sa tasa za ta yi tafiya tawa ba za ta yi ba?"

Auta ya rarrafo gaba. "Baiwar Allah, ni ne. Ni na tuƙa jirgin. Ki sake ta ki kama ni."

Idanun yarinyar ba su iya juyowa, amma bakin ya yi wani murmushi da ba nata ba.

"Koma ka zauna, ɗan yaro. Wata uku 'yata tana fitowa tana tsere da jan abin nan naka. Na hana ta, ba ta ji. Ta san hanyarsa kamar yadda ta san hanyar gida, ko sau ɗaya bai taɓa kauce wa layinsa ba. Ranar nan ya ɗaga hanci ya haukace ya same ta a bakin taga. Na duba gawarsa. Hancin ba komai a ciki sai tabon gam. Na biyo warin darmar har gidan nan. Tsoho, tambayi wanda yatsunsa suka yi ƙarya."

Inna ta juyo a hankali ta dubi babban ɗanta, irin kallon da ta rabu da yi masa tun yana ɗan makaranta. Malam bai dube shi ba. Tasbaharsa kawai yake ja.

Mai Fanka ya dafe aljihunsa. Ya san in ya yi shiru ba mai iya kama shi, don wa zai ɗauki shaidar aljana a kan magidanci? Auta zai ƙone jiragensa ya bar gidan, tela ba zai sake samun abin dariya ba. Sai ya dubi 'yarsa. Leɓɓanta sun tsattsage, kwana shida ba ta ga ƙafafunta ba. Ya tura hannu a aljihu ya ciro darmar ya ajiye a kan tabarma.

"Ni na cire," ya ce. "Kuma da na auna, baya na ja yatsuna."

"Yaya?" in ji Auta.

"Don me?" Inna ta tambaya.

"Don nasa ya fi nawa gudu."

Ya faɗi gaskiyar haka tsirara, kuma da ta fito sai ya ji ƙanƙantarta. Matarsa ta rufe fuska da gyale.

"To kin ji," in ji malam. "Ya amsa laifinsa a gaban uwarsa da ƙanensa. Fita."

"Sai na tafi da yatsun nan biyu."

"Ba ki da iko da jikin ɗan Adam, kuma ba za a gyara zalunci da wani zalunci ba. Faɗi wani abu, ko in ci gaba da karatu."

"To in zauna a wuyan tasa har tawa ta tashi."

Malam ya buɗe gorar ruwa ya ɗaga murya kaɗan. Jikin yarinyar ya banƙare, muryar ta yi ƙara.

"Tsaya, tsaya! A zo a cire gawar abin nan daga tagata, 'yata ba ta barci in tana ganinsa. Kada a sake tashin komai a filin nan in rana ta yi ja, lokacinmu ne. Na uku kuma, wuyan 'yata zai warke, amma tsoro ya hana ta leƙowa. A sake haɗa jan jirgin. Wanda ya cire darmar shi zai mayar, shi zai auna, shi zai cilla. Ta gan shi ya tafi a miƙe kamar da. Shi kuma ya tsaya a wurin ya kalla har ya sauka, kada ya kawar da kai."

Malam ya rufe gorar ruwan. "Mu ba ma yi wa aljani hidima," ya ce. "Amma jirgin haƙƙin ƙanensa ne, ko ba ki faɗa ba sai ya mayar. Kin yi alkawari ba za ki dawo ba?"

"Na yi. Ka ce masa ya riƙa wanke zuciyarsa. Warinta ya fi na darma nisa."

Yarinyar ta yi atishawa sau uku. Hannuwanta suka faɗi. A hankali, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba, kanta ya dawo gaba, haɓarta ta taɓa ƙirji. Ta dubi ƙafafunta ta ce, "Umma, yunwa nake ji." Daidai nan aka kira salla. Da aka duba darmar da aka tara kwana da kwanaki a gwangwani, ba a sami komai ba sai wadda ke kan tabarma.

Sati uku Mai Fanka yana haɗa jirgin. Shi ya hau tsani da tsakar rana ya ciro tarkacen daga tagar bututu. Auta bai yi masa magana ba in ban da gaisuwa, Inna ma haka. Ranar da ya gama, suka fita fili da hantsi. Tela ya buɗe baki zai yi tsokana, ya ga fuskokinsu, ya haɗiye.

Auta ya miƙo jirgin. A da yakan juya ya kama duba rimot yayin da Yaya ke awo. Ranar nan durƙusawa ya yi, ya leƙa ƙarƙashin fiffike, ya ga inda yatsun suka sauka. Wannan durƙuson ya fi mari zafi, kuma Mai Fanka ya san haka za a yi ta yi har ƙarshen rayuwarsu. Ya ɗora yatsu daidai kan ɗigon. Hanci ya sunkuya.

"Ya yi," in ji Auta. Shi ya faɗa wannan karon.

Mai Fanka ya cilla. Jan jirgin ya fita a miƙe, ya hau, ya juyo, ya sauko ya shafi kan ciyawa. Ya fi na da gudu, don wanda ya haɗa shi ya san aikinsa. Mutane suka yi ihu suna kiran Auta. Tsohon ɗacin ya taso wa Mai Fanka har maƙogwaro, ya haɗiye shi, bai kawar da kai ba. Can kusa da bututu wata 'yar iska ta kwantar da ciyawa a siririn layi, ta bi bayan jirgin, da ɗan ɗingishi.

'Yar Baba ta zo ta tsaya kusa da shi da jakar batir a kafaɗa. Ba ta san komai daga abin da aka yi da bakinta ba.

"Baba, na Baffa ya fi na kowa gudu, ko?"

"Ya fi," ya ce, idonsa na kan jirgin. "Ya fi na kowa."